CACAR FOKA DA SHUBUHAR MASU CEWA GWANINTA CE

Da sunan Allah muke farawa, kuma da Shi muke neman taimako. Dukkan yabo da godiya sun tabbata gare Shi, Ubangijin talikai, wanda Ya buɗe wa bayinSa ƙofofin halal masu yawa, Ya rufe 'yan kaɗan saboda rahamarSa gare su. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Maudu'in da aka ɗora mana a wannan zama shi ne caca. Haramcinta ba abu ne da ke buƙatar doguwar lacca ba, domin ko yaro ɗan aji biyu a Islamiyya ya san cewa Allah Ya ambace ta tare da giya a Suratul Baƙara aya ta 219, sa'an nan Ya yanke hukuncinta a Suratul Ma'ida aya ta 90 da ta 91, inda Ya sanya ta cikin ƙazantar aikin Shaiɗan, Ya kuma bayyana cewa tana haifar da gaba da ƙiyayya, tana kange mutum daga ambaton Allah da salla. Abin da ke buƙatar bayani shi ne wata shubuha da ta soma yawo a bakin samarinmu, musamman waɗanda suka yi karatun boko, wato cewa akwai wani wasan karta da ake kira foka, wai shi ba caca ba ne, lissafi ne da ƙwarewa, kamar yadda kasuwanci yake lissafi da ƙwarewa. Mai wannan magana ba ya musun aya. Cewa yake ayar ba ta shafe shi ba. To, irin wannan ba a yi masa tsawa, hujja ake kawo masa.

Wani zai ce, ina ruwan Gwarzo da foka? Gaskiya ne Gwarzo ba Las Vegas ba ce. Cacar da muka tashi muka tarar ita ce ta bayan tasha da ta gefen kasuwa, inda ake shimfiɗa tabarma ko buhu a raba karta, sai ta wot da ta ludo, sai kuma ta ƙwallon ƙafa da ta zo daga baya. Kafin su duka kakanninmu sun san wadda ake yi da wuri. Waccan caca tana da shamaki. Dole mutum ya taka da ƙafarsa zuwa wurin, dole a gan shi, kuma duk Getso ko Garo za a san ɗan wane ya zama ɗan caca, har ta kai a hana shi aure. In kasuwa ta watse ko fitila ta mutu, an tashi ke nan. Yau wayar hannu ta rushe wannan shamaki. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin Naira, har mai sayar da itace sai da ya buɗe asusu a waya. Saboda haka saurayi yana iya kwanciya a ɗakinsa a Kutama ko Gude, mahaifinsa na barci a ɗaki na gaba, shi kuwa yana zaune a teburin caca da wani mutum na wata nahiya, kuɗin buhun masarar da aka sayar da rana suna fita kafin kiran asalatu.

ASALIN KARTA DA FOKA

Ya kamata mu yi adalci a tarihi, domin mun saba duk wani abin ƙi mu ce Bature ne ya kawo. Karta a ƙasar Sin aka fara ta, kuma ta ƙasashen Musulmi ta bi ta shiga Turai. A shekarar 1939 wani masani mai suna Mayer ya gano wani tsohon ƙunshin karta na zamanin daular Mamalik ta Masar a fadar Topkapi da ke Santambul. Tsarinsa na kati 52 ne, iri huɗu, akwai takubba da kofuna da dinare da sandunan wasan doki, manyan katunan kuwa sunansu malik da na'ib da na'ibi na biyu. Har gobe mutanen Sifen suna kiran karta da sunan da ya samo asali daga kalmar na'ib. Wajen shekarun 1370 ne aka soma ambatonta a biranen Turai. Fa'idar wannan a gare mu ita ce, malaman Musulunci sun san karta tun kafin a san Amurka da ita. Ibnu Hajar Al-Haitami, babban malamin Shafi'iyya da ya rasu a Makka a shekara ta 974 bayan hijira, ya ambace ta da sunan kanjifa, ya kuma sanya ta cikin wasannin da dogaronsu yake kan cinke, waɗanda hukuncinsu ɗaya da na nardu, wato wasan da ake jefa ƙwayoyi masu ɗigo kamar na ludo.

Ita foka a Amurka ta tashi, a farkon ƙarni na 19, a birnin New Orleans da cikin jiragen ruwan da ke zirga-zirga a kogin Mississippi. A 1970 wani mai gidan caca a Las Vegas, Benny Binion, ya ƙirƙiro gasar da suke kira ta duniya, wadda kujerar babban zagayenta ta daɗe a kan dala 10,000. A farkon 1998 aka fara buga ta da kuɗi a intanet. Sai a 2003 wani akanta daga jihar Tennessee mai suna Chris Moneymaker, wanda sunan nasa ma ma'anarsa mai yin kuɗi, ya shiga wata ƙaramar gasa a intanet da abin da bai kai dala 100 ba, ya samu kujera a babbar gasar, ya kuma cinye dala miliyan 2.5. Wannan labari shi ne tallan da ya fi kowane talla yi wa kamfanonin caca aiki. A shekarar da ya ci, mutum 839 ne suka shiga. Zuwa 2006 sun kai 8,773. Ku lura 'yan uwa, sunan mutum ɗaya aka riƙe. A cikin waɗancan 839, waɗanda suka fita da wani abu ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, sauran sun koma gida hannu rabbana, kuma da kuɗinsu aka biya shi. Ba wanda ya yi hira da su.

YADDA AKE YIN TA, DA INDA GWANINTAR TAKE

Ba za mu iya warware shubuha ba sai mun san abin da ake magana a kai, domin malaman usulu sun koya mana cewa hukunta abu reshe ne na fahimtarsa. A samfurin da ya fi yaɗuwa, wanda ake jinginawa ga jihar Texas, ana ba kowane ɗan wasa kati biyu a rufe, sa'an nan a buɗe biyar a tsakiya a matakai uku: uku a tashi ɗaya, sai ɗaya, sai ɗaya. A kowane mataki ana zuba kuɗi. Mutum ko dai ya biya abin da aka zuba, ko ya ƙara, ko ya ajiye katinsa ya haƙura da abin da ya riga ya sa. A ƙarshe wanda haɗinsa na kati biyar ya fi daraja shi ke kwashe tulin, sai fa in kowa ya janye ya bar mutum ɗaya, to shi ya ci ko da katinsa bai da wani amfani.

Shin akwai gwaninta a ciki? Akwai, kuma ba za mu yi ƙarya don kare gaskiya ba. Gwani yana lissafi. Misali, in yana jiran kati ɗaya ya cika masa biyar iri ɗaya, ya san katuna 9 ne za su yi masa amfani daga cikin 46 da bai gani ba, wato kusan sau ɗaya cikin biyar. In an ce ya sa Naira 1,000 alhali tulin ya kai 6,000, sai ya biya. In tulin 2,000 ne sai ya janye. Ya san amfanin zama na ƙarshe a magana, bayan ya ga abin da kowa ya yi. Ya iya burga, wato ya zuba kuɗi masu yawa da katin banza don ya tsorata mai kati mai kyau ya gudu. Har kotu an je a kan wannan: a 2012 wani alƙalin tarayya a New York, Jack Weinstein, ya yanke cewa ƙwarewa ta fi sa'a rinjaye a foka, ko da yake kotun ɗaukaka ƙara ta soke sakamakon hukuncin nasa a 2013.

Amma sa'ar ma ba ta fita ba. Kati biyu mafi ƙarfi a wasan suna zuwa wa mutum sau ɗaya ne cikin rabo 221, kuma ko ya same su, in aka buɗe har ƙarshe da abokin karawa ɗaya tak mai riƙe da kowane irin kati, za a cinye shi wajen sau 15 cikin 100. Wato mafi gwanintar mutane, riƙe da mafi kyawun kati, bai san makomar kuɗinsa ba sai an juya katin ƙarshe. Wannan shi ne gararin da Shari'a ta hana ko a cikin ciniki, balle a wasa.

To amma mu ɗauka ma babu sa'a ko kaɗan. A nan ne shubuhar take rushewa daga tushe, kuma muna roƙon ɗalibai su riƙe wannan gaɓa da kyau. Malamai ba su rataya haramcin ƙimar a kan rashin gwaninta ba. Sun bayyana shi da cewa shi ne duk wata mugalaba da kowane ɓangare ya sa dukiyarsa, ya zamana ba shi da mafita sai ɗayan biyu, ko ya ci na ɗan uwansa ko a ci nasa. Dubi shaɗaranji, darar nan ta Indiyawa da Farisawa: babu ƙwayar jefawa, babu kati a rufe, tunani ne zalla. Malamai sun yi saɓani a kan buga shi haka nan ba kuɗi, Malik ya tsananta, Shafi'i ya sassauta zuwa karhanci. Amma da zarar an sa kuɗi, saɓani ya ƙare. Ibnu Abdil Barri, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 463 bayan hijira, ya hakaito ijma'i a kan haramcinsa. Mu sauko gida ma. Dattijai biyu suna dara a gindin darbejiya a Kabo, babu sa'a a dara, wanda ya fi iyawa shi ke ci. In ɗaya ya ce kowa ya ajiye Naira 500, wanda ya ci ya ɗauka, wane suna mutanen unguwa za su ba wannan zama? Ba wanda zai ce ilmin lissafi suke yi. Kowa ya san caca ce. To in darar da ba ta da sa'a ta zama caca saboda kuɗi, ta yaya foka mai rabin sa'a za ta kuɓuta?

Abin da Shari'a ta togace shi ne tseren doki da na raƙumi da harbin kibiya, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Huraira da ma'abota Sunan suka ruwaito, saboda tanadi ne na kare al'umma. Ko a nan ɗin, abin da ya shahara a mazhabar Malik shi ne ba a yarda dukkan masu tseren su zuba kuɗi wanda ya zo na ɗaya ya kwashe ba. Kyautar daga wani na gefe take fitowa, ko daga ɗayansu bisa sharaɗin ba za ta komo masa ba. Wannan shi ne bambancin foka da musabaƙar Alƙur'ani da aka faro a Sakkwato a 1986, inda mahaddaci ba ya cin ko kwabo na ɗan uwansa.

Sai masu cewa ai kasuwanci ma kasada ne. Haka ne, amma ba kowace kasada ce caca ba. Wanda ya sayi sa a kasuwar Getso ya loda shi zuwa kudu yana iya riba yana iya faɗuwa, sai dai makiyayi ya samu kuɗi, direba ya samu lada, mahauci ya samu sana'a, mai gida ya samu nama. Duka ɓangarorin suna iya tashi da murna. A teburin foka ba a shuka komai, ba a ƙera komai, ba a kai komai ko'ina. Duk Nairar da ta shiga aljihun wani, daga aljihun na kusa da shi ta fito, kuma ba da daɗin ransa ba.

A fahimtarmu ma, gwanintar ba ta rage munin abin ba, ƙara shi ta yi. A cacar wuri kowa da kowa daidai suke a gaban sa'a. A foka kuwa, darasin farko da ƙwararru ke koya wa almajiransu shi ne zaɓen tebur: nemi inda marasa iyawa suke ka zauna. A yarensu kifi suke kiran irin wannan mutum. Suna da manhajoji masu rubuta halayen kowane ɗan wasa, sau nawa yake biya, sau nawa yake janyewa, yaushe yake fusata ya soma watsa kuɗi. Sana'ar da ribarta ta dogara ga samun wanda bai sani ba, da wanda ya bugu, da wanda fushi ya rufe wa ido, wannan ko ba aya lafiyayyen hankali ya ƙi ta. Kuma saurayinmu da ya kalli bidiyo goma ya ɗauka shi ne masunci, bai san shi ne abin da aka zo kamawa ba.

MAI TABARMA

Akwai wanda ba a cinye shi a wannan wasa, shi ne mai wurin. Mun san shi tun a cacar bayan tasha, wanda ba ya riƙe kati amma yana da kasonsa a kowane zagaye. Kamfanin foka ma haka yake; ba ya wasa da kai, la'ada yake cira daga kowane tuli, galibi wajen kashi 5 cikin 100. Bari mu yi lissafin da za a iya yi a allon Islamiyya. Samari shida sun zauna, kowa da Naira 10,000, jimla 60,000. A ce kowane tuli 4,000 ne, la'ada 200. In ana raba karta sau 30 a awa, mai wuri ya ɗauki 6,000 a awa ɗaya. A awa biyar rabin kuɗin da suka zo da su ya bar teburin, ba a hannun gwani ba, ba a hannun mai sa'a ba. A intanet kuwa rabon ya fi haka sauri nesa ba kusa ba, kuma mutum yana iya buɗe tebur huɗu a lokaci guda. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan fa in an yi gaskiya ke nan. A 2007 aka bankaɗo cewa a dandalin Absolute Poker wani na cikin gida yana ganin rufaffun katunan mutane yana cinye su, a 2008 aka sake samun irin haka a UltimateBet. Ranar 15 ga Afrilu 2011 hukumomin Amurka suka ƙwace adireshin intanet na manyan kamfanoni uku, kuma a watan Satumba na shekarar masu gabatar da ƙara suka bayyana cewa ɗaya daga cikinsu, Full Tilt Poker, 'yan wasa na bin sa kimanin dala miliyan 390 alhali abin da ke asusunsa bai wuce kimanin miliyan 60 ba. Amurkawa, masu lauyoyi da gwamnati mai ƙarfi, sai da suka jira har 2014 kafin a soma mayar musu da kuɗinsu. Ɗan Lakwaya wa zai kai wa ƙara? Ƙari a kan haka, a 2017 wata kwamfuta da masana Jami'ar Carnegie Mellon suka tsara ta lallasa huɗu daga cikin manyan ƙwararru, a 2019 wata ta yi haka a tebur mai mutum shida. Saboda haka mai bugawa a waya ba shi da tabbacin ma ɗan Adam ne a gabansa.

Wasu kamfanonin kan ce suna taimakon marayu, suna ɗaukar nauyin ƙungiyoyin ƙwallo. Wannan ma ba sabon abu ba ne. Maisir na Larabawan Jahiliyya, wanda ayar ta sauka a kansa, kusan cacar taimako ce. Sukan sayi raƙumi bashi su yanka, su kasa shi kashi 28, su zuba kibau goma a jaka. Bakwai suna da rabo, daga fazzu mai kaso ɗaya har zuwa mu'alla mai kaso bakwai, uku kuwa ba su da komai, kuma waɗanda kiban banza suka fito musu su ke biyan kuɗin raƙumin. Masu ci ba sa cin naman, matalauta suke raba wa, suna alfahari da haka, wanda ya ƙi shiga kuma su kira shi baram, wato marowaci. Alƙur'ani bai musa cewa akwai wani amfani a ciki ba, amma ya bayyana cewa zunubin ya fi amfanin girma. In cacar da ake ciyar da mayunwata da ita ba ta tsira ba, ina ga wadda ribarta ke tafiya asusun wasu attajirai a ƙetare?

DOKA DA IYAKARTA

Dokar Turawan mulki, wadda har yanzu jihohin kudu da dama ke aiki da ita, ta lissafa haramtattun wasanni, har ta ambaci caca da sunanta na Hausa tare da sauran wasannin wuri, amma da ta zo kan karta sai ta haramta wadda ba ta gwaninta ba kawai. Daga irin wannan rarrabewa ce shubuhar samarinmu ta samo asali. Ma'auni ne na dokar Ingila, ba na fiƙihu ba. A jiharmu an ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000, aka kafa Hukumar Hisba da doka a 2003. A 2005 kuma gwamnatin tarayya ta yi dokar lotiri ta ƙasa, wadda masu shagunan caca suka riƙa fakewa da lasisinta. A watan Oktoba na 2024 Hisba ta rufe shaguna wajen 30 a birnin Kano, sa'an nan ranar 22 ga Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008, ta yanke cewa sha'anin caca hurumin jihohi ne, dokar tarayya ba ta aiki sai a Abuja. Wannan hukunci ya cire wa Kano wani babban tarnaƙi, kuma muna kira ga 'yan majalisarmu na jiha da su yi amfani da shi. Su dubi Indiya, ƙasar da Musulmi ba su ne masu rinjaye ba, wadda a watan Agusta na 2025 ta yi dokar hana wasannin kuɗi na intanet gaba ɗaya, ba tare da bambanta na gwaninta da na sa'a ba. Bayan dogon ja-in-ja a kotunansu, sun dawo inda Ibnu Abdil Barri ya tsaya shekara kusan dubu da ta wuce.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Hisba tana iya sa kwaɗo a ƙofar shago, ba ta iya sa shi a aljihun ɗanka. Kamfanin yana iya zama da lasisin Malta ko Curaçao, bai san akwai wani gari Gwarzo ba sai ta lambar asusu. Muna kuma jan kunnen matasanmu masu zafin kishi: ba a yarda kowa ya ɗauki doka a hannunsa ba, babu fasa shago, babu ƙwace wayar mutane a hanya. A kai magana ga mai unguwa da dagaci da ofishin Hisba na ƙaramar hukuma.

WASU MAS'ALOLI

An tambaye mu game da foka ta kyauta, irin wadda ta yaɗu a Facebook tun 2007, wadda ake bugawa da kuɗin bogi. Imam Malik, kamar yadda Ƙurɗubi ya kawo a tafsirinsa, ya kasa maisir gida biyu, na wargi da na ƙimar, ya sanya nardu da shaɗaranji a na farko ko da babu kuɗi. Hadisin Buraida a Sahihu Muslim ya kamanta mai wasan nardu da wanda ya tsoma hannu a nama da jinin alade. Da yawa daga malamai sun ƙiyasta karta a kan wannan, wasu na zamani kuma sun sassauta in babu kuɗi, babu tauye salla, babu zage-zage. Ba ma ɓoye wannan saɓani. Amma foka daban ce, domin ita ba ta da ma'ana sai da zubi; in ka cire zubin ba sauran wasa. Ta kyautar makaranta ce ta share fage, kuma ranar da kuɗin bogin suka ƙare da kuɗin gaske ake sayen wasu.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne lambar gayyata. Kamfani kan ce ka tura wa abokanka, duk wanda ya shiga ta hanyarka kana da kamasho. Mun ga samari masu sallar jam'i suna watsa wannan a zaurukan WhatsApp na 'yan ajinsu, suna cewa su ba sa bugawa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda ya kira abokinsa zuwa caca da baki kawai, ko ba a buga ba, an umarce shi da ya yi sadaka don kankare wannan kalma. To ina ga wanda ya kira mutum ɗari biyu da danna yatsa ɗaya, kuma yana cin kaso daga asararsu? Haka nan mai POS da mai gidan kallon ƙwallo: ba a ɗora musu binciken wayar kowa ba, amma wanda ya tabbata cewa wannan kuɗi asusun caca za su, aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana shi taimakawa, ko da cajinsa zai tafi ga na gaba da shi.

Wanda ya tuba, uwar kuɗinsa tasa ce, abin da ya ci kuwa ba nasa ba ne. In ya san mai su ya mayar masa. In bai sani ba, kamar yadda yake a intanet, ya fitar da su ga mabukata ko wata maslahar jama'a, da niyyar rabuwa da haram ba da niyyar sadaka ba. Bashin da aka ci mutum a tebur Shari'a ba ta san da shi ba, ba a biya. Amma wanda ya ranto a hannun ɗan uwansa ko ya ɗauki kuɗin adashen matarsa ya buga, wannan bashi ne sosai, yana wuyansa har ya biya.

Daga ƙarshe muna magana da iyaye da matan aure, domin su ne ke fara ganin alama: buhu ya ragu a rumbu ba a san inda ya shiga ba, an sayar da akuya ba sallah ba suna, mutum ya kwana ido biyu a kan waya ya kasa tashi asuba, ya riƙa faɗa ba dalili. Ibnu Abbas ya ba da labarin cewa a Jahiliyya mutum kan yi caca har da iyalinsa da dukiyarsa, saboda haka wannan zurfi ba yau aka fara faɗawa cikinsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtukanta da ya soma aiki a 2022, ta sanya jarabar caca a babi ɗaya da jarabar kayan maye, wato haɗin da Alƙur'ani ya yi tun farko. Wanda ya kai wannan mataki wa'azi kaɗai ba ya isarsa, kuma tona masa asiri a masallaci ƙara tura shi ciki yake. A samu wani babba da yake jin kunya ya karɓi ragamar asusunsa na wani lokaci, a goge manhajojin a gabansa, a zauna a rubuta basussukan a tsara biya, a nema masa abin yi ko da aikin lambu ne a bakin madatsar Guzuguzu. In abin ya faskara, akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma zuwa wurinsu ba abin kunya ba ne. Muna roƙon kowane reshe ya ware malami ɗaya da dattijo ɗaya waɗanda za a iya samu a asirce kan wannan matsala, a sanar da sunayensu bayan sallar Juma'a.

An miƙo mana takardun tambayoyi game da inshora da kasuwancin kuɗin intanet da kacici-kacicin gidajen rediyo da ake shiga ta hanyar tura saƙon waya mai caji. Kowannensu yana buƙatar nasa bayanin, lokaci kuma ya ƙure, saboda haka mun bar su sai zama na gaba in Allah Ya kai mu.